Abin Da Ya Kamata Mai Keke Ya Ƙirga

A wajenmu Achilafiya, idan ka tambayi dattijo nisan wani gari, da wuya ya ambata maka kilomita. Zai ce idan ka fita bayan sallar asuba za ka isa da hantsi, ko ya ce ka riƙe ruwa a gora domin sai ka yi azahar a hanya. Da wannan ma'auni na tashi. Da shi iyayenmu suka yi shekaru suna kai da komo a kan kekunan Rali da Fonis tsakanin Karkarna da Kazaure, su haura Roni da Gwiwa, su gangara Babura cin kasuwa. Babu wanda ya taɓa rubuta musu abin da suka taka, amma kowa a gari ya san mutumin da kekensa ba ya kwana biyu a jingine.

Ni malamin firamare ne. Na hau keke da ƙuruciya, da albashi ya ɗan zauna na sayi babur kamar yadda sa'o'ina suka yi, keken ya koma zaure yana shan ƙura. Abin da ya fito da shi sananne ne ga kowa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Albashi yana nan inda yake, makaranta kuma ba ta matso kusa da gida ba. Na goge keke, na sa masa sabuwar kaca da tayoyi, na koma kan sirdi ina da furfura a gemu.

Wani ɗan ƙanwata da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure shi ya fara sa ni tunanin lissafi. Shi ma yana hawa, amma nasa keken mai giya ne, kuma yana da manhajar Strava a waya. Ya nuna mini yadda take zana hanyar da mutum ya bi, ta faɗi nisan da ya yi, da gudunsa a awa, da tsayin tudun da ya hau, a ƙarshen shekara kuma ta tattara masa komai ya nuna wa abokai. Da sabuwar shekara ta kama sai ya tambaye ni: "Kawu, kilomita nawa ka ɗaura niyyar yi bana?" Na ce masa ya ba ni lokaci. Tun daga ranar nake juya tambayar a raina a kan hanyar makaranta, ga kuma inda na tsaya.

Ban raina jimillar kilomita ba. Akwai waɗanda suka ba da rayuwarsu gare ta, labarinsu kuma yana da ban mamaki. A 1939 wani Bature ɗan Ingila, Tommy Godwin, ya taka mil 75,065 cikin shekara guda, wato sama da mil 200 kowace rana ta Allah. Wata Ba'amurkiya, Amanda Coker, ta yi mil 86,573 tsakanin 2016 da 2017, mafi yawansu tana zagaye hanya ɗaya a wani dandali a jihar Florida. Su aikinsu ke nan, da masu kula da abincinsu da gyaran kekunansu. Mu kuwa a nan kilomita ba ɗaya ba ce da 'yar'uwarta. Wadda ka yi a kan kwalta da sanyin safiya, iska na tura ka ta baya, kusan kyauta ce. Wadda ka yi a tuddan Roni, inda sai ka miƙe tsaye a kan feda kana jin bugun zuciyarka a kunne, ta ci uku. A yashin wajen Babura akwai wuraren da dole ka sauka ka tura, taya tana nutsewa kana zufa. Ga iskar hunturu da ke tasowa daga arewa maso gabas: wanda ya nufi gabas da safe ya san yadda take tare ƙirji. Ga kaya kuma. Mutumin da ya ɗaure buhun gero a kariya, ko jarkoki huɗu na ruwa, ya yi kilomita biyar, wallahi ya fi ɗan birnin da ya yi talatin hannu rabbana aiki. Waya ba ta san da buhun ba, za ta rubuta masa biyar ta yi shiru.

Lissafin gudu kuwa tsoronsa nake ji. Na ga abin da yake sa yara su yi. Suna gangarowa daga tudu kai a sunkuye, ido a kan waya, don lambar yau ta fi ta jiya. Titin Kano zuwa Daura ba filin tsere ba ne. Wata rana da magariba wata babbar mota ta wuce ni dab da kafaɗa, iskarta ta jefa ni gefen hanya cikin tsakuwa, direban ko waiwaye bai yi ba. Na zauna a ƙasa ina duban gwiwar wandona da ta yage, hannuwana suna rawa, tayar gaba tana ta juyawa ita kaɗai. Ba gudu nake ba a ranar, shi ya sa birki ya kama, na tashi da ƙujewa kawai. Masu tsere irin su Biniam Girmay ɗan Eritiriya, wanda ya ci zango uku da koriyar riga a gasar Tour de France ta 2024, suna auna gudu da ƙarfin ƙafa da bugun zuciya domin an rufe musu hanya, likita yana biye da su a mota. Wanda ke raba titi da tirela da shanu da 'yan acaɓa, babban abin da zai nema a shekara shi ne duk fitar da ya yi ya dawo gida da ƙafafunsa.

Abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne yawan ranakun da keke ya fita. Ina da kalanda a bangon ɗaki, irin wadda ake rabawa a farkon shekara. Duk ranar da na hau, ko zuwa makaranta ne, ko gona, ko masallacin Juma'a a wani gari, sai in ɗiga mata alama da biro. Ba na rubuta nisa. Idan wata ya ƙare, kallo ɗaya ya isa in ga inda alamomi suka jeru da inda suka yanke, kuma kowane gurbi na san dalilinsa: nan zazzaɓi ne, nan ruwa ya cika hanya, nan kuma kasala ce. Wannan lissafin ba ya yi mini ƙarya, kuma ba ya bukatar caji ko data.

Daga baya na karanta cewa wani masanin taurari na Jami'ar Kambirij, Arthur Eddington, wanda ya rasu a 1944, yana da irin nasa ma'aunin. Idan mutum ya yi kwana 20 da a kowannensu ya taka aƙalla mil 20, lambarsa 20 ce. Ba za ta zama 30 ba sai ya tara kwana 30 masu mil 30. Tasa ta kai 84. Abin da ya burge ni a ciki shi ne doguwar tafiya ɗaya ta burga ba ta ɗaga lambar, sai an maimaita, an sake maimaitawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da mako take aunawa: tana ba babban mutum shawarar ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako. Wanda ke zuwa aiki a keke minti goma sha biyar, ya dawo goma sha biyar, kwana biyar a mako, ya cika wannan adadi ba tare da ya ware lokaci ko ya sayi takalmin wasa ba. Jikina ya tabbatar mini da hakan. Tudun da nake sauka in tura a watannin farko, yanzu ina hawansa ina amsa gaisuwar mutane. Barci ya daidaita, nauyin da nake ji bayan cin tuwon dare ya tafi. Idan kuwa na yi mako ban hau ba, cinyoyina ne ke fara ba ni labari.

Mai ƙirga ranaku dole ya zama abokin mai faci, domin babu abin da ke yanke jerin alamomi kamar keken da aka jingine da niyyar "gobe zan kai shi". Ƙasarmu ta tsidau ce da ƙaya, musamman da kaka idan ciyawa ta bushe. Akwai wani dattijo da ke faci a gindin darbejiya a bakin hanyarmu, na daɗe ina kallon hannunsa. Zai zaro tub, ya ɗan ba shi iska, ya bi shi a hankali cikin kwanon ruwa har ƙananan kumfa su tona inda hujin yake. Ya soka tsinke a wurin don kada ya ɓace masa, ya goge, ya kankare da ɗan guntun fayil, ya shafa sholisho da ɗan yatsa, sa'an nan ya ajiye ya jira ya sha iska. Ba ya gaggawar manna facin. Kafin ya mayar kuma sai ya zagaya cikin tayar da tafin yatsunsa, har ya ciro ƙayar da ta yi ɓarnar, ya ɗora mini ita a tafin hannu. "Malam, ga ɓarawon," in ji shi. "In ba a fitar da shi ba, gobe ma kana nan." A wurinsa na ɗauki ƙa'idar da nake bi har yau: keke ba ya kwana da faci, kaca ba ta yin mako ba mai, birki kuwa a ranar da ya fara sanyi a ranar ake ɗaure shi.

Akwai lissafin aljihu, shi kuma ba ya bukatar dogon bayani. A ƙarshen wata ina duba abin da da na zuba wa babur na mai da baƙin mai, in cire kuɗin faci da giris da abin da nake warewa don taya, ragowar in sa a gefe. Da irin wannan ragowar na sayi takin zamani a daminar bara ban ci bashi ba. Duk magidancin da ya taɓa tsayawa a gaban mai shago yana neman a ɗaga masa ƙafa ya san darajar wannan.

Lissafin da ya fi taɓa zuciyata kuwa babu manhajar da ke yin sa. Tun da mai ya yi tsada na lura zumunci ya ja baya a ƙauyukanmu. Dubiya ta koma kiran waya, ta'aziyya ta koma saƙo, suna da ɗaurin aure sai wanda ya zama dole, saboda kowa yana auna litar da zai ƙona. Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake, ni kuma na ga keke ya ƙara wa ƙafar tsawo ba tare da ya nemi ko sisi ba. Ina da gwaggo a wani ƙauye ta wajen Gwiwa, idonta ya yi rauni, ba ta fita. Ranar da na fara zuwa mata a keke ta ji ƙarar ƙararrawa a ƙofar gida, ta ce wa jikarta ta duba ko mai sayar da kaya ne. Da na yi sallama na durƙusa, ta lalubo kaina ta ji gumi. "Ɗan nan, da ƙafarka ka tako duk wannan nisa saboda ni?" Ta sa aka dama mini fura, ta yi ta sa albarka har na ji kunya. Tun daga nan, idan shekara ta kama, nakan rubuta sunayen dangi da tsofaffin malamaina da nake son in taka in gaishe su kafin ta fita. Duk wanda na je wa sai in ja layi a ƙarƙashin sunansa. Wasu ban kai ga ja musu layi ba Allah Ya karɓi abinsa, shi ya sa yanzu da mafi tsufa nake farawa.

Burin shekara kuma a raba shi bisa yanayinmu, kada a ɗauko na ƙasashen da ke da dusar ƙanƙara. Hunturu da kaka su ne lokacin doguwar tafiya, a rufe hanci da rawani saboda ƙura. Da bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, tafiyar asuba ce ko ta bayan la'asar, da ruwa a gora. Azumin 2024 da na 2025 duk sun faɗo cikin zafin Maris. A irin wannan wata ba na neman komai a wurin jikina illa zuwa aiki da dawowa. Da damina hanyoyin burji sukan yanke, gona kuma tana cinye ƙarfin mutum, don haka alamomi sukan ragu, ba na kuma damuwa.

Wannan ita ce amsar da na ba ɗan ƙanwata da ya dawo hutu. Ya saurara, ya ce shi dai zai ci gaba da ƙirga kilomitocinsa, na ce babu laifi, ƙuruciya tana son abin da za ta gwada ƙarfinta da shi. Na roƙe shi abu biyu kawai: ya sa waya a aljihu idan yana kan titi, ya kuma ɗaura fitila a gaba da abin ƙyalli a baya.

Ga 'yan'uwana malamai da ma'aikata da ke da keke a zaure suna jin nauyin a gan su a kai: kunyar nan ba ta sayen mudu ɗaya na gero. Majalisar Ɗinkin Duniya da kanta ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018. Ku fito da shi a wannan makon, ku kai wa mai faci ya duba tayoyi da birki, ku rataya kalanda, ku rubuta sunan dattijon da kuka daɗe ba ku gaisar ba, ku je masa ranar Asabar.