AC Ɗin Ɗakin Hajiya



Gidajen da muke ginawa yanzu a Kano ba su san zafi ba sai sun sha shi. Bulo ne na siminti, a ɗora kwano, a yi silin, a saka taga ta gilashi. Rana ta wuni tana dukan bango, dare ya yi bangon ya shiga amayar da abin da ya haɗiya. Tsohon soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yakan riƙe sanyin asuba har azahar, amma mun bar shi, kuma ba na jin za mu koma. Shi ya sa na'urar sanyaya ɗaki ta tashi daga kayan alatu ta koma kusan magani a gidan da ke da tsoho ko marar lafiya.

Mahaifiyarmu ta haura shekara saba'in, tana da hawan jini, kuma idan ba ta samu barci ba washegari kowa sai ya gani a idonta. AC ɗin da ke ɗakinta marigayi mahaifinmu ne ya saya shekarar da ya yi ritaya, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin mai kai a ciki da inji a waje. Ta yi shekara goma sha biyar tana aiki. A bazarar 2024, cikin azumi, ta fara hura iska kamar fanka. Masu tuna wannan bazarar sun san ba ta wasa ba ce: ranar 3 ga Afrilu aka auna zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mu ma a nan sama da arba'in muke sha. A ranar ce kuma hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Unguwarmu na cikinsu.

Mai gyaran farko ya zo ya ce gas ne ya ƙare, ya ɗura, ya karɓi kuɗinsa. Sati shida ta koma gidan jiya. Na biyun da aka yi mana kwatancensa dattijo ne marar yawan magana. Ya kwaɓa ruwan sabulu ya bi bututun jan ƙarfen yana shafawa har ya ga inda yake kumfa, ya kira ni ya ce, "Alhaji, duba nan. Gas ɗin AC ba man fetur ba ne, ba ya ƙonewa. Zagayawa yake yi cikin bututu a rufe. Duk ranar da aka ce maka ya ƙare, to akwai inda yake zuba." Ya ce wannan hujin zai iya liƙe shi da walda, amma kwamfuresar ta daɗe tana aiki da ƙarancin gas, ta yi zafi, ta gaji. Zai iya samo mana ta hannu ya sa, kuɗin duka zai kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sabuwar AC. Na ce garanti fa? Ya yi murmushi ya ce, "Garantin kayan hannu yana wajen Allah."

Daga nan gida ya rabu biyu. Yaya yana kan a gyara, kuma hujjarsa ba ta raini ba ce. Kuɗin makarantar yara na tafe. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 albashi ba ya kai ƙarshen wata. Yana cewa kayan da ƙarfe ne, na yanzu gwangwani, kuma wannan tsohuwar duk wani yaron mai gyara a bakin titi ya san cikinta. Akwai abin da bai faɗa ba, amma na ji shi: Baba ne ya saye ta. Ni kuwa ina ganin gyaran kamar ɗinke tsohuwar riga ne, ka ɗinke wuya ta yage a hammata.

Sai na zauna da biro da takarda, don musu da baki ba ya ƙarewa a gidanmu. Tsohuwar tana jan abin da ya ɗan haura kilowat ɗaya idan kwamfuresa na aiki, kuma a zafin Afrilu da ƙyar take hutawa. Awa takwas na dare, yunit tara ke nan ko kusa. A sabon farashi kusan naira dubu biyu a dare ɗaya, dubu sittin a wata, ɗaki guda. Sababbin da ake kira masu inbata ba sa kunnawa su kashe kamar tsofaffin. Idan ɗaki ya yi sanyi sai injin ya rage gudu ya ci gaba a hankali, shi ya sa suke cin wuta ƙasa da haka. Ba sa kuma fizgar wuta lokacin tashi, wannan fizgar da ke sa ƙaramin janareta ya yi tari ya mutu. Ga mai tunanin haɗa sola nan gaba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai maganar gas ɗin kansa. Tsohuwar tana amfani da R22, wanda ke cikin iskokin da duniya ta amince a daina saboda ɓarnar da suke yi wa sararin samaniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987. Ƙasashe masu tasowa irin tamu an ba su zuwa 2030 su kusan kammala barinsa. Abin da ake janyewa daga kasuwa kuwa tsada yake ƙarawa, jabunsa ya yawaita. Sababbin na'urori R410A ko R32 suke sha, kuma ba a ɗura su a tsohuwar, don matsinsu ya fi ƙarfi, man injinsu ma daban ne.

Don adalci ga Yaya, ita ma sabuwar tana da nata ciwon. Ƙwaƙwalwarta allon lantarki ne, kuma wutarmu ba ta da alƙawari, yanzu ta yi ƙasa kamar aci-bal-bal, anjima ta dawo da ƙarfi. Idan allon ya ƙone kuɗinsa ba kaɗan ba ne, masu iya gyaransa kuma ba su kai masu gyaran tsohuwar yawa ba. Dole a haɗa da sitabilaiza mai kyau, wani kuɗin ke nan. Da a ce tsohuwar shekararta biyar ko shida, da a ce kafasita ce ta mutu, wannan 'yar gwangwanin mai arha da ke tayar da inji, ko ƙurar hunturu ce ta toshe ragar waje, da ni ne zan fara cewa a gyara. Yawancin AC ɗin da ake cewa sun mutu wanki kawai suke nema. Amma shekara goma sha biyar, ga huji, ga gajiyayyar kwamfuresa, ga gas mai shirin ɓacewa, abubuwan sun yi yawa a wuri ɗaya.

Duk wannan lissafin da muke yi, babu wanda ya tambayi mai ɗakin, sai da ƙanwarmu ta ce a je a ji ta bakinta. Muka same ta bayan isha'i a tsakar gida kan tabarma, da mafici a hannu. Yaya ya ce, "Hajiya, ta Baba ce, ba ma so a cire ta ba da saninki ba." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Shi don in yi barci ya saya, ba don a riƙa kallonta a bango ba. Amma kada wanda ya taɓa kuɗin makarantar jikokina saboda ni. Na yi shekara hamsin ina kwana a waje da bazara kafin a san da ita."

Wannan maganar ta ɗaure mu duka biyu, ba gyara ba saye. Dattijon ya liƙe hujin, ya wanke ta, ya sake ɗura gas, ya ce za ta ja mu zuwa faɗuwar damina idan ba a matsa mata da rana ba. Ta kuwa ja, tana nishi. Mu huɗu muka shiga adashi a tsakaninmu, kowa da abin da zai iya duk ƙarshen wata, ƙanwarmu ce uwar adashi don ita ce ba a iya lallashi. A watan Janairu, lokacin da Hajiya ke neman bargo da kaskon wuta, masu haɗa AC kuma suna zaune ba aiki, muka sayo sabuwar aka ja mata sababbin bututu.

Tsohuwar masu jari-bola sun taya, jan ƙarfen cikinta suke so. Yaya ya hana. Dattijon ya ce kan na ciki da injin fankarsa lafiyarsu ƙalau, zai sa wa wata AC a wani masallacin unguwarsu da nata kan ya lalace. Hajiya ta ce a ba shi, kada a karɓi ko kwabo, Allah Ya kai ladan kabarin mai ita.