Rani Ɗaya a Dajin Dindir

Harshe yakan yi ƙaura tare da masu shi, ya ɗauki kayan da ba lalle ne a sami inda za a sauke su ba. Hausawan da ke zaune a bakin Shuɗin Nilu, daga Mai Wurno kusa da Sinnar har zuwa ƙauyukan Rusairis, jikokin matafiya ne. Waɗansu sun fito da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka zauna. Waɗansu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a shekarar 1903. Waɗansu kuma auduga ce ta jawo su, lokacin da aka buɗe gonakin Jazira bayan kammala madatsar Sinnar a 1925. Kowane ayari ya zo da fartanya da allo da koma, ya kuma zo da sunayen namun dajin da ya baro a yamma.

Akwai wani saurayi ɗan ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke gabashin kogin, kusa da Rusairis, wanda ya tashi da waɗannan sunaye a bakinsa ba tare da ya taɓa ganin masu su ba. Larabci yake yi a makaranta da kasuwa, Hausa kuwa a tsakar gida da bakin ruwa. Daga tatsuniyoyin kakarsa ya san zaki da kura da ɓauna, ya san ana yi wa gwanki kirari da sha bara. Amma da za a ce ya nuna gwanki a cikin garken dabbobi, da ya yi tsuru-tsuru. Kalmomin suna nan a wurinsa kamar tulunan gado da aka jera a ɗaki, ana goge su, ba a ɗiban ruwa da su.

Da ya ƙare karatunsa a Damazin bai sami aiki ba, sai ya nemi a bar shi ya yi rani ɗaya tare da masu gadin gandun dajin Dindir, aikin sa kai, ba albashi, sai ci da wurin kwana. Mahaifinsa, wanda masunci ne, bai ga hikimar abin ba. Ya ce masa, "Kai yaro, mutum ya bar kogi da kifi ya tafi gadin biri?" Ya amsa, "Baba, wata huɗu ne kawai, kafin damina zan dawo." Kakarsa ce ta raba gardamar, ta ce a ƙyale shi, gani ya kori ji.

Gandun Dindir yana kan iyakar Sudan da Habasha, arewa maso gabas da Rusairis. An kafa shi a 1935, bayan yarjejeniyar kare namun dajin Afirka da aka ƙulla a Landan a 1933, kuma faɗinsa ya zarce murabba'in kilomita 10,000, ya ratsa jihohin Sinnar da Gadarif da Shuɗin Nilu. A 1979 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren da ake so a daidaita zaman mutum da na daji, a 2005 kuma aka saka dausayinsa cikin jerin Ramsar. A ƙetaren iyaka yana haɗe da gandun Alatish na Habasha. Koguna biyu ne rayuwarsa, Dindir da Rahad, dukansu daga tsaunukan Habasha suke gangarowa, dukansu kuma na damina ne. Ruwa yakan cika su daga wajen watan Yuni, ya janye bayan Oktoba, ya bar faffaɗan rairayi da kududdufai nan da can.

Hanyar da ta kai shi sansanin Galagu, a tsakiyar gandun, ita ce darasinsa na farko. Daga garin Dindir kwalta ta ƙare, sai turbar mota a kan baƙar laka. Da damina wannan laka takan kumbura ta riƙe ƙafar raƙumi balle tayar mota, shi ya sa gandun yake rufe kansa da kansa rabin shekara. Da rani kuwa takan bushe ta tsattsage, har mutum ya zura hannu cikin tsagar. Sa'o'i suka yi suna ratsa gonakin dawa da riɗi waɗanda aka nome da tarakta, fili fetal ba itace ko ɗaya, iska tana tayar da ƙura, mai kallo ya rantse hamada ce. Sai can kwatsam itatuwa suka tsaya a jere kamar an ja layi. Wannan layin shi ne iyakar gandun, kuma duk wanda ya gan shi ya fahimci abin da ƙasar take kafin a share ta.

Itatuwan ne suka fara yi masa magana da Hausa. Abin da masu gadi suke kira hijlij, shi ya san shi da aduwa. Dom ɗinsu goribarsa ce, aradeb tsamiya, sidir kurna, sunut bagaruwa, tabaldi kuka. Ya lura kowanne yana da mazauninsa. A kan laka, nesa da ruwa, ɗushe da aduwa ne suka mamaye. A gaɓar kogi, inda ƙasa ke da yashi, goriba ce take yin kurmi, tsamiya da ɓaure suna yi mata inuwa. Ya sayi ɗan littafi tun a Damazin don rubuta kuɗin da zai kashe, sai ya mai da shi wurin jera sunaye, Larabci a dama, Hausa a hagu.

Zuciyar dajin kuwa ita ce abin da ake kira maya. Kogi idan yana tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yakan yi ta lanƙwasa, wata shekara ya yanke hanya ya bar tsohuwar lanƙwasar a gefe. Wannan kwarin da aka bari yakan cika da ruwan ambaliya ta ƙananan magudanai, ya riƙe shi har tsakiyar rani, ciyawa tana tsirowa shar a bayan ruwan yayin da yake ja da baya. Bahaushe zai ce fadama. Idan daji ya bushe ƙaf, duk mai numfashi a nan yake taruwa, a mayar Musa ko ta Ras Amir ko waninsu. Idan kuwa laka ta toshe magudanar da ke shayar da maya, shekara ɗaya ta isa ta mai da ita fako, dabbobin su watse su nemi ruwa a wajen iyaka, inda bindiga da tarko ke jiransu.

Saboda haka aikin da aka fi ba shi ba shi da wani ado. Yakan ɗauki shebur tare da sauran su yashe magudana. Yakan sassabe ciyawa a gefen turba don wuta in ta taso ta sami inda za ta tsaya. Yakan bi sawun masu sintiri a ƙafa, ido a ƙasa, ana neman tarkon waya da aka ɗaure a hanyar shan ruwa. Da asuba da la'asar kuma yakan zauna a bakin maya da takarda, yana ƙirga abin da ya zo sha.

A wannan ƙirgar ne tulunan gadonsa suka fara ɗaukar ruwa. Wata safiya wani tsohon mai gadi ya nuna masa wata dabba ja-ja-ja da ta miƙe daga cikin ciyawa ta yi fito ta ruga, ya ce bashmat. Saurayin ya dubi inda ta tashi, kwance a gefen ruwa, sai sunan ya faɗo masa da kansa: kwanta-rafi. Katambur mai kaurin gashi gwambaza ce. Halluf da ke durƙusawa yana tonon saiwa, jela a tsaye in zai gudu, shi ne mugun dawa. Jamus ɓauna ce, ya ga garkenta ya tayar da ƙura har ta rufe rana. Ya ga jimina tana tafiya cikin isa, ya ga zabi ba iyaka, ya ga ƙwasa-ƙwasa da borin-tunke sun kewaye kududdufin da ya kusa ƙafewa suna tsintar tarwaɗa. Zaki kuwa ya fi jin sa da dare fiye da ganinsa, gurnani daga can ƙetaren rairayi, da safe a tarar da sawu. Sai a wata na uku, da yamma liƙis, dabbar da suke kira abu uruf ta fito daga cikin ɗushe, doguwa kamar doki, fuska baƙi da fari, ƙaho ya lanƙwasa baya. Ya daɗe yana kallonta kafin ya rubuta gwanki.

Amma akwai layukan da suka tsaya rabi. Ya rubuta raƙumin dawa a hagu, zaraf a dama, ya tambayi a wace maya ake ganinsa. Tsohon ya ce ya gan shi yana yaro, ba a sake ganinsa a Dindir ba tun shekarun 1980, lokacin da fari ya ƙone ƙasar, gonakin tarakta kuma suka cinye makiyayar da dabbobi ke fita zuwa gare ta da damina. Karkanda ta riga shi tafiya da daɗewa. Saurayin ya gane cewa suna yana iya rayuwa bayan mai shi ya mutu, ya ci gaba da yawo cikin karin magana da tatsuniya, har ranar da yara za su daina tambayar ma'anarsa.

Harshen nasa ya jawo masa wani nauyin da bai nema ba. A ƙauyukan da ke kewaye da gandun akwai jama'a iri-iri, da Hausawa a cikinsu, kuma da rani buƙata takan tura mutane ƙetare iyaka: makiyayi da shanunsa, mai neman zuma da wutarsa, mai gawayi da gatarinsa. Wata rana masu sintiri suka tarar da wani dattijo a bakin kududdufi da koma da buhun busasshen kifi. Larabcinsa bai da yawa, aka kira saurayin ya yi tafinta. Da dattijon ya ji Hausa sai fuskarsa ta saki, ya ce, "Ɗana, ashe kai namu ne. Gaya musu kifin nan ko na bar shi mutuwa zai yi, ruwan saura kwana kaɗan ya ƙafe." Saurayin ya ce, "Baba, gaskiyarka. Amma tsuntsayen nan da kada su ma shi suke jira, kuma in kowa ya zo da irin hujjarka, baɗi ba iri." Dattijon ya ce, "Tsuntsu ba shi da jikoki takwas a gida."

Ya fassara maganar kamar yadda aka faɗe ta, bai rage ba, bai ƙara ba. Aka karɓe komar, aka sallami dattijon da kifinsa. Daren nan bai yi barci sosai ba, domin komar irin ta mahaifinsa ce, ɗinki ɗaya, ƙulli ɗaya. Bai sami amsar da za ta gamsar da ɓangarorin biyu ba, kuma bai yi kamar ya samu ba. Abin da ya tabbata a ransa shi ne, gandun da maƙwabtansa ke jin yunwa ba ya tsaruwa da bindiga kaɗai, kuma maƙwabtan da suka cinye gandunsu ba su ƙoshi ba, sun dai jinkirta yunwar ne.

Sau biyu ya sami hutu ya koma gida, kuma ya tarar garin da ya tashi a cikinsa ya sake kama a idonsa. Rusairis a gabas, Damazin a yamma, madatsar ruwa a tsakaninsu. An kammala ta a 1966, aka ƙara mata tsawon mita 10 a aikin da aka buɗe a farkon 2013, tafkin da ke bayanta ya faɗaɗa, aka tashi ƙauyuka da yawa aka mai da su sababbin matsugunai. Da can yakan tsaya ya yi mamakin ƙarfin ruwan da ke fita ta ƙofofinta yana ba ƙasa lantarki. Yanzu sai ya ga maya ce babba wadda mutum ya gina wa kansa, kowa yana taruwa a bakinta: masunta da jiragensu, masu lambun albasa a ƙasar da ruwa ya janye ya bari, makiyaya, mata masu shayi da jabana a ƙarƙashin bedi. A kasuwa ya ga tulin gawayi da kwalaben zuma da ƙwallon goriba, ya san daga inda waɗansunsu suka fito. Ya zauna gaban kakarsa ya karanta mata littafin. Ta gyara masa suna biyu, ta ƙara masa uku, ta tambaye shi ko har yanzu gwanki yana da fari a fuska. Ashe ita ma ba ta taɓa ganinsa ba, daga bakin tata kakar ta ji.

Ya bar Galagu da hadarin farko, kafin laka ta rufe hanya. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a Rusairis da kewayenta tsakanin Hausawa da waɗansu maƙwabtansu, a kan ƙasa da sarautar gargajiya. Mutane fiye da 100 suka rasa rayukansu, dubbai suka bar gidajensu. Tambayar da ke ƙarƙashin wutar ita ce wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, bayan zaman fiye da shekara ɗari. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya kama Sudan gaba ɗaya, a 2024 ya iso Sinja da garin Dindir kansa.

Iyalinsa na cikin waɗanda suka tashi, kuma littafin na cikin ɗan abin da ya ɗauka. A inda suka sauka yakan tara yara da maraice ya koya musu, shafi ɗaya kowace rana, suna biyu ga kowace halitta. Idan yaro ya tambaye shi wanne ne sunan na gaskiya, yakan ce duka biyun, domin dabbar da ke shan ruwa a mayar Musa ba ta san wanda ya fara kiranta ba. Layin raƙumin dawa ma yana koyar da shi, ya zana musu dogon wuyan a ƙasa da tsinke, ya ce su riƙe sunan da kyau.