Hanyar Arikya Da Motar Da Ke Mutuwa A Tsakiyar Tafiya

Garin Arikya yana arewa da birnin Lafiya, kuma ɗaya ne daga cikin mazaɓu 13 na ƙaramar hukumar Lafiya. Ƙasar nan ta zauna a Jihar Binuwai-Filato tun 1967, ta koma Jihar Filato a 1976, kana ta shiga Jihar Nasarawa ran 1 ga Oktoba, 1996. Mutanen yankin manoma ne na sosai. Allah ya albarkaci ƙasarsu da doya da rogo da riɗi da shinkafa da gyaɗa, amma wahalar manomi ba ta zama kuɗi sai mota ta kai amfanin gona kasuwa.

To, a nan gizo ke saƙar. Hanyoyin da ke ratsa ƙauyukan yankin ƙura ce da rani, taɓo da damina. Ba abin mamaki ba ne matafiyi ya iske mota maƙare da doya a gefen hanya, fasinjoji sun nemi inuwa, direba ya tusa kai cikin inji. In an tambaye shi, amsar ɗaya ce: tana tafiya sai ta mutu, in an tayar ta tashi, can gaba ta sake mutuwa. Kafin a isa Lafiya kasuwa ta watse, doya ta sha rana. In kuwa mai naƙuda aka ɗauko za a kai asibiti, abin ya wuce maganar hasarar kuɗi.

Gwanayen makanikai ba su gaggawar ɗaukar sufana. Injin fetur abu uku yake bukata: mai da iska da wuta. Muddin ya mutu, galibi ɗayansu ne ya yanke ko ya gaza. Saboda haka bakanike na ƙwarai yakan fara da tambaya: "Maigida, a wane hali take mutuwa?" Amsar direba ita ce rabin gyara.

In direba ya ce sai a hawa take shaƙewa, ko lokacin da ya taka totur da kaya a bayanta, to mai ne ba ya isa. Sai a duba filtar mai, don datti yakan toshe ta, kana a duba famfon mai. A motocin zamani famfon nan yana cikin tanki, in an murɗa makulli yakan yi ɗan ƙugi na daƙiƙa biyu ko uku. In aka ji shiru, a fara da duba fis da waya kafin a yanke wa famfo hukunci. Fetur ɗin da famfon ke nutse ciki shi ke sanyaya shi. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, direbobi da yawa sun koma sayen lita kaɗan-kaɗan, watau famfo yana aiki cikin zafi, yana kuma zuƙo dattin gindin tanki.

In ya ce matsalar ta fara ne bayan ya sha mai, sai a zargi man. A ƙauyuka sau da yawa daga jarka da galan ake saye, ruwa kuwa ba ya wuyar shiga. A zuba kaɗan cikin farar kwalba a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa kowa ya gani. Ba a bakin hanya kaɗai ake gamuwa da wannan ba, gama a farkon shekarar 2022 an shigo da fetur daga Beljiyam mai sinadarin metanol fiye da kima, masu motoci suka yi ta kukan lalacewar inji, aka janye man, dogayen layuka suka biyo baya.

In kuwa sai an rage gudu ko an tsaya take mutuwa, hankali sai ya koma kan iska. Inji yana bukatar wajen kashi 15 na iska ga kowane kashi 1 na fetur bisa nauyi. Ƙurar hunturu tana cika filtar iska, tana kuma daskarewa a maƙogwaron totur. Tiyon roba da ya tsage yakan shigar da iskar da ta wuce ƙa'ida. A tsofaffin motoci masu kafireto, irin Peugeot 504 da aka harhaɗa a masana'antar Kaduna wadda ta fara aiki a 1975, ƙaramin ramin da ke ba inji mai in yana tsaye shi ne yakan toshe. Wanki yake so, ba sauyi ba.

Har ila yau akwai wadda sai ta yi zafi take mutuwa farat ɗaya, in ta huce ta tashi kamar ba abin da ya faru. Wannan alamar wuta ce: ko kwayil ya gaji, ko na'urar da ke sanar da kwamfutar mota juyawar inji ta soma lalacewa. Wadda ke mutuwa in ta faɗa rami kuwa, a nemi wayar da ta saki ko kan batir da ya yi sako-sako. In fitilu suna dusashewa kafin ta mutu, na'urar cajin batir ce ta daina aiki. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun 1996, da na fetur na Turai tun 2001, suna da kafar da ake jona na'urar bincike. Biyan kuɗin binciken nan ya fi sayen fulogi da kwayil da famfo bisa kirdado.

Wajibi ne direba ya san cewa da zarar inji ya mutu cikin gudu, sitiyari yakan yi tauri, birki ma ya yi nauyi bayan taku ɗaya ko biyu. Kada ya zare makulli, don sitiyari na iya kullewa. Ya lallaɓa ya sauka gefe, ya sa alama a baya. Kada a kusanto da taba ko ashana, kada kuma a sa yaron mota zuƙar fetur da baki.

Motar da ta mutu sau ɗaya ta riga ta yi gargaɗi. Direban da ya kai ta gareji a Lafiya tun ran nan, ya bayyana wa bakanike halin da take mutuwa, ya tsirar da aljihunsa da doyar manomin Arikya. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, amin.