Ruwan Ganyen Baba, Ba Ayaba a Ciki

Yau labarin kicin na zo da shi, amma kada maza su ce ba ruwansu, domin duk wanda yake da tsoho a gida, ko yake fatan tsufa, maganar ta shafe shi.

Bayan Babbar Sallar 2023 ne maigidana ya je Malumfashi ya taho da Babanmu, suka biyo ta Funtuwa da Zariya da Kaduna har gidanmu a nan Gudu. Dama an daɗe ana ce mini Baba yana yawan shan ruwa, yana yawan fita fitsari da dare, amma ban san abin ya kai haka ba sai da na ga yadda babbar rigarsa ta yi masa yawa. Da muka kai shi asibiti aka yi gwaji, likita ya ce ciwon sukari ne. Ya rubuta magani, ya ce a rage masa tuwo, a daina zuba sukari a fura da koko, a yawaita masa ganye. Sannan muka sayi 'yar na'urar nan da ake huda yatsa a ɗiga jini, don mu riƙa aunawa a gida.

Maganar ganye ba ta tayar mini da hankali ba da farko, don mu a gida da zogale aka yi mana shinge, kuma kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli shi muka tashi muna ci. Sai dai na manta abu ɗaya: haƙoran Baba na tauna duk sun zube. Na yi masa kwaɗo ya sa a baki ya yi ta juyawa, ƙarshe ya ture kwanon. Na yi masa miyar alayyahu, ya tsame ruwan ya bar ganyen.

Wata maƙwabciyata 'yar Kudu, mai kirki ƙwarai, ita ta ce in riƙa markaɗa masa ganyen a bilenda ya sha, irin abin da 'yan gayun Abuja ke kira sumuti. Ta ce a zuba ganye, a yanka ayaba biyu nunannu, a ƙara ruwa, shi ke nan. Daga baya na karanta cewa wata mata haifaffiyar Rasha mazauniyar Amurka, Victoria Boutenko, ita ta yayata wannan haɗi da wani littafi da ta fitar a 2005, kuma tun daga lokacin kusan duk wanda zai koya maka shi da ayaba yake farawa. Na sayo ayaba a bakin kasuwar Gudu, na yi yadda ta ce. Baba ya kalli kofin gilashin ya kalle ni, ya ce, "Uwata, wannan kuma na mene ne?" Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Na ce, "Baba magani ne, daure ka sha." Ya daure ya sha, har ya ce ba laifi.

Kwana huɗu muna haka, kullum idan na auna shi bayan ya sha sai in ga sukarin ya haura inda likita ya ce kada ya wuce. Da muka koma asibiti na faɗi abin da nake ba shi, likitan ya yi murmushi ya ce matsakaiciyar ayaba ɗaya tana ɗauke da sukari kamar giram 14, wato ya fi ƙaramin cokalin shayi uku, ni kuwa biyu nake sakawa, nunannu luguf, kuma a markaɗe, yadda mutum zai shanye a tashi ɗaya. Ya ce ba wai an haramta wa mai ciwon sukari ayaba ba ne, rabin guda ba zai kashe kowa ba, amma yadda na Baba yake a lokacin gara in cire ta gaba ɗaya.

To jama'a, a nan wahalar ta fara. Na cire ayaba na markaɗa zogale da alayyahu da ruwa zalla. Abin da ya fito wallahi ko ni ba zan iya sha ba: tsararo, kore shar kamar ruwan kududdufi, ga ɗaci ga warin ɗanyen ganye, kuma kafin ka kai shi falo ya rabu biyu, ruwa a ƙasa tuƙa a sama. Baba ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye. Ya ce, "Uwata, na ga dai kin ƙudura sai kin mai da ni akuya." Yara suka yi dariya, ni ma na yi, amma shi bai yi ba.

Washegari na ce bari in gyara da dabino, tunda dai 'ya'yan itace ne mai albarka. Na jiƙa guda biyar na zuba. Ya yi daɗi, amma na'ura ta nuna mini na gudu daga ruwa na faɗa kogi, domin busasshen dabino kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Na cire shi ma.

Daga nan Baba ya fara janye jiki daga abinci baki ɗaya. An hana shi fura mai sukari, an rage masa tuwo, abin da ake ba shi kuma bai san shi ba. Ga shi ba abokan hira, ba zaure, ba dakalin ƙofar gida, sai ɗaki da talabijin da ƙarar janareta. Wanda ya san Gudu ya san a nan babbar maƙabartar Abuja take, kuma hanyarmu ta zuwa asibiti ta kusa da ita take bi. Wata rana muna dawowa ya daɗe yana kallon wajen ta tagar mota, sai ya ce da maigidana, "Malam, ku mai da ni gida. Idan kwana ya ƙare na fi son a sa ni kusa da iyayena." Maigidana ya ce, "Haba Baba, in sha Allahu da ƙafarka za ka koma." Ni ban iya cewa komai ba. Daren nan ban yi barci ba. Na kawo mahaifina gari mai manyan asibitoci, ga shi yana ramewa a hannuna saboda na kasa haɗa masa abin sha kofi ɗaya.

Da asuba na kira Gwaggo, ƙanwar Baba, a Malumfashi, na zayyana mata komai har da kuka. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, ita ayabar wane aiki take yi a ciki?" Na tsaya na yi tunani. Na ce tana sa shi kauri, tana sa shi zaƙi, tana kuma danne ɗacin ganyen. Ta ce, "To mu da ba mu tashi da ayaba ba, da me muke sa abin sha ya yi kauri? Kin manta kwalba da nono? Je ki nemi garin 'ya'yan kuka da kindirmo mai kyau. Kuma wa ya ce miki ana cin zogale ɗanye? Ki yi masa wankan tafasasshen ruwa tukuna. Babanki ba zaƙi yake nema ba, tsami yake so tun yana yaro."

Gaskiyar Hausawa, rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. Shekara nawa ina wuce masu sayar da farin garin kuka a kasuwar Garki ban taɓa waiwayarsu ba. Wannan farin garin da ke manne da 'ya'yan kuka, wanda muke tsotsa muna yara, yana da sinadarin bitamin C mai yawa, kuma idan ya jiƙa yakan kama jiki ya yi kauri da kansa, shi ya sa wasu masu tallan nono ke ƙara shi a nononsu. Sai a 2008 Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da shi a matsayin abinci a ƙasashenta, yanzu kuma a can ana zuba shi a irin wannan haɗin da tsadar gaske. Mu da muke da bishiyar a bayan gari mun bar shi ga yara.

Ga yadda na koma yi, ko wani zai amfana. Nakan tsinke ganyen zogale cikin tafin hannu biyu, in wanke da ruwan gishiri, in zuba a tafasasshen ruwa na minti biyu kacal, in tsame in sa a ruwan sanyi don kada korensa ya mutu. Wannan ɗan tafasa shi ke cire masa yajin nan da warin ɗanye, kuma ya fi sauƙi ga cikin tsoho. Sai in jiƙa garin 'ya'yan kuka babban cokali biyu a rabin kofin ruwa, in tace da rariya saboda zare da ɓawo. In kawo kindirmo kofi ɗaya wanda ba a sa wa sukari ba, da rabin gurji ko kokwamba da aka fere, da 'yar citta ɗanya kamar kan ɗan yatsa, da ganyen na'a-na'a huɗu ko biyar. Ganyen da ruwan kukar nake fara markaɗawa har su yi laushi sosai, sannan in zuba sauran. Idan aka zuba komai lokaci ɗaya ganyen ba ya narkewa, sai ya riƙa maƙale wa mutum a wuya. Ranar da na samu fiya a kasuwa nakan sa kwata, tana ƙara masa santsi irin na ayaba, kuma kusan ba ta da sukari. Ranar da ba kindirmo nakan yi da madarar aya da na tace da kaina, amma kaɗan, don ita ma aya tana da nata zaƙin. Idan ba zogale, alayyahu na yi, shi ma a tafasa shi kaɗan a zubar da ruwan. Ganyen yakuwa biyu ko uku kuma yana ƙara tsami ga mai so.

Abu na ƙarshe da Gwaggo ta ce in yi, wanda na ɗauka wasa ne, shi ne in daina ba shi a kofin gilashi. Na fito da ƙwaryar da aka kawo ni da ita gidan miji, wadda ta daɗe a saman kabad tana shan ƙura, na wanke ta na zuba, na ɗora ludayi a kai na rufe da faifai. Na durƙusa na ajiye a gabansa bayan ya dawo daga sallar azahar. Ya buɗe ya ga kore, ya ɓata fuska. Ya sa ludayi ya kurɓa, ya yi shiru, ya sake kurɓa. Sai ya ce, "Akwai kuka a cikin nan." Na ce, "Akwai, Baba." Ya ce, "Wa ya gaya miki?" Na ce Gwaggo ce. Ya ce, "Dama na sani, wannan ba dabarar 'yan Abuja ba ce." Bai ajiye ludayin ba sai da ya ga ƙasan ƙwaryar, sannan ya ba yara labarin wata kuka da ke gonar kakansu, yadda suke jifan 'ya'yanta da sanda har mai gona ya biyo su.

Ina roƙon 'yan uwa kada a fahimce ni ba daidai ba. Zogale da kuka ba sa warkar da ciwon sukari, duk abin da masu tallan magani a mota da lasifika za su faɗa. Zogale ganye ne mai amfani, yana da sinadaran ƙarin jini da ƙarfin ƙashi da bitamin A, amma abinci ne. Baba bai bar shan maganinsa ko na kwana ɗaya ba, kuma duk abin da na zuba a ƙwaryar nan sai da na faɗa wa likitansa. Wanda yake da ciwon ƙoda musamman kada ya fara shan markaɗaɗɗen ganye sai ya tambayi likita, don akwai sinadaran da ke cikin ganye da fiya da ayaba waɗanda ƙoda mai rauni ba ta iya fitarwa. Abin da ƙwaryar ta yi wa Baba shi ne ta dawo masa da sha'awar cin abinci, maganin kuma ya samu jikin da zai yi aiki a kai.

Kafin azumin 2024 ya kama, Baba ya koma Malumfashi da ƙafarsa kamar yadda surukinsa ya ce. Na damu da yadda za a ci gaba da yi masa tunda can ba bilenda, wutar ma ba kullum ba. Gwaggo ta ce in kwantar da hankalina. Tana shanya zogalen a inuwa, ta daka a turmi ta tankaɗe, ta zuba cokali ɗaya a kindirmo da ruwan kuka, ta burga da maburgi. Ta ce nata ya fi nawa daɗi, Baba kuma ya goyi bayanta.

Ni ma yanzu shi nake sha da safe kafin in fita aiki, maƙwabciyata da ta fara koya mini ma ta karɓi garin kuka ta gwada, ta ce zai yi kyau da abarba. Na dasa reshen zogale a tsohon bokitin fenti a bayan kicin, tunda gidan haya ne ba a ba mu damar haƙa ƙasa ba, ya kuwa kama, har na fara tsinka. Duk wanda tsohonsa ya zo jinya garin nan ya ƙi abinci, kafin ya je babban kanti neman abin gwangwani, ya fara kiran wata tsohuwa a gida ya tambaye ta abin da mutumin yake so tun yana yaro.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu tun suna raye, amin.

Taku a kullum,
'Yar Malumfashi mazauniyar Gudu.