Littafi ɗaya mai hoto ya isa aji ya yi mako yana aiki

Wannan rubutu na malaman aji ɗaya da aji biyu ne, musamman masu koyarwa a ƙauyukan Bichi, Dambatta, Makoɗa, Kunci, Tsanyawa da Dawakin Tofa. Iyaye da marubuta, ku ma ku daure ku karanta har ƙarshe, akwai rabonku a ciki.

Kukanmu kullum shi ne babu littattafai, kuma gaskiya ne, babu. Sai dai abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗan wanda ya samu ya iso makaranta ma ba ma cin moriyarsa. Ko dai a kulle shi a kabad ɗin hedimasta don kada yara su yaga, ko malami ya karanta shi sau ɗaya cikin minti goma ya rufe, shi ke nan an gama da shi. Iri ne aka bari a rumbu, ga damina tana wucewa.

A wata firamare da ke gefen hanyar Katsina na ga wata malama ta yi abin da nake so kowa ya gani. Littafinta ɗan siriri ne, labarin wani yaro da jakinsa za su kai taki gona. Ranar Litinin ko kalma ɗaya ba ta karanta ba. Ta ɗaga bangon littafin sama, ta zagaya tsakanin yaran da ke zaune a ƙasa, ta ce, "Me kuka gani?" Aka ce jaki, aka ce mangala. Can wata 'yar ƙarama ta ce, "Malama, mangalar ta karkace, takin zai zube." Wani yaro daga baya ya ce ai mai zanen ya manta bai sa wa jakin akumari ba, bayansa zai yi gyambo. Yaran da ake cewa ba sa buɗe baki a aji, sai ga shi malama ce take roƙon a yi magana ɗaya bayan ɗaya.

Washegari ta karanta labarin tana bin kalmomi da yatsa, kafin ta juya kowane shafi sai ta tsaya ta tambaya me suke tsammani zai faru. Laraba aka fita tsakar makaranta, kowa ya share ƙasa da tafin hannu ya rubuta harafin j da tsinke. Aka tafa gaɓoɓi, ja-ki. Ta canja gaɓar farko aka samu ta-ki, aka samu ba-ki, yara suka gano da kansu cewa gaɓa ɗaya ce take tafiya tana dawowa. Rubutun Hausa yana da wannan alheri, kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, shi ya sa yaro yake saurin kama shi. Alhamis lissafi aka yi da 'ya'yan tsamiya: in jaki ya yi sawu uku da safe, biyu da yamma, mangala nawa aka kai? Bayan nan aka zo da kara da laka, kowane rukuni ya ƙera jakinsa. Juma'a suka yi wasan kwaikwayon labarin, aka sallame su da aikin gida guda: kowa ya tambayi babansa ko kakarsa me ya sa ake kai taki tun da rani, kafin ruwan shuka.

Duk makon nan ba a kashe ko kwabo ba.

Abin da ya sa ya yiwu, a ganina, shi ne labarin na gidansu ne. Ƙasarmu ta kewayen Kano kowace shekara ake noma ta, ba a barin gona ta huta, taki ne yake riƙe da ita. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, tun shekarun 1960 ya yi ta nazarin yadda manoman nan suke ciyar da jama'a mai yawa a kan 'yan ƙananan gonaki, da takin awaki da tumaki da sharar birni da jakuna ke ɗaukowa. Abin da masana suka rubuta littattafai a kai, ɗan shekara shida a Makoɗa yana ganinsa kullum. Ya san gero da dawa da wake a kunya ɗaya, ya san gawo da damina yake zubar da ganye. Da wannan ilimi yake shigowa aji. In ka ba shi littafi mai hoton tuffa da dusar ƙanƙara, a harshen da ba ya ji, ka ɗora masa kaya uku lokaci guda: baƙon abu, baƙon harshe, ga kuma haruffa.

Ku dubi mutanen Wales a Birtaniya. A ƙidayar 2021, masu jin harshensu ba su wuce dubu 538 da 'yan kai ba. Su ma an taɓa rataya wa yaransu katako a wuya don sun yi yarensu a makaranta, irin horon da da yawanmu muka sha don mun yi Hausa a aji. Amma tun 1961 suka kafa hukumar da ke tallafa wa buga littattafai a harshensu. A 1969 wata malama, Mary Vaughan Jones, ta fitar da Sali Mali, ɗan littafin yara mai hoto wanda har yau ake karantawa. A 1971 suka kafa Mudiad Meithrin, ƙungiyar da ke tafiyar da azuzuwan ƙananan yara da harshen Welsh zalla, inda wasa da waƙa da zane suke tafiya tare da labari. Yanzu burin gwamnatinsu shi ne masu harshen su kai miliyan ɗaya a 2050. Mu da muke da miliyoyin masu Hausa daga Kano har Maraɗi, har Kumasi, littafin ɗan aji ɗaya nawa za ka samu in ka shiga kasuwa yau?

Ba wai ba mu da tarihi ba. Zariya ta ba mu Magana Jari Ce tun 1937, ta ba mu Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu. Kano kuma ta cika kasuwa da littattafan soyayya. Amma yawanci na wanda ya riga ya iya karatu ne, ƙaramin yaro an bar shi a baya. Shirye-shiryen tallafi sun yi ƙoƙari: RANA a Katsina da Zamfara, Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, sai KaLMA da aka fara a 2019 a Dawakin Tofa da Wudil. Shi KaLMA 'yan aji huɗu zuwa shida ya nufa, wato yaran da suka yi shekaru a makaranta ba su iya haɗa baƙi ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana inda ɓarakar take farawa. Matsalar irin waɗannan shirye-shirye kuwa, in wa'adinsu ya cika, littattafan sun tsufa, da wuya a sake bugawa.

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a ƙarshen 2025 kuma aka sanar da janye wannan manufa. Ni dai ban goyi bayan janyewar ba. Ina son 'ya'yanmu su iya Turanci sosai, amma yaron da ya fara iya karatu da harshen da yake tunani da shi ya fi saurin ɗaukar na biyu.

Na san abin da wani malamin zai ce: yara sun cika aji maƙil, littafi ɗaya, wa zai ga hoton? Maganarka gaskiya ce, malam. Amma bayan tsohuwar kalanda da kwali suna nan, a sake zana hotunan da girma a manna a bango. A shafin African Storybook a intanet akwai labaran Hausa masu hoto kyauta, ana iya saukewa a waya a kai shagon kwamfuta a buga. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Bichi masu fita gwajin koyarwa, me zai hana kowannensu ya bar wa makarantar da ya je babban littafi ɗaya da ya zana da hannunsa?

Marubutanmu da masu zane, don Allah ku ba mu labarin rijiya, da ranar kasuwa, da akuyar da ta shiga gonar maƙwabci. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, kuɗin liyafa ɗaya ya isa buga wa makarantarku littattafan zango guda. Ku kuma iyayenmu hedimastoci, a taimaka a buɗe kabad ɗin nan ranar Litinin mai zuwa, a miƙa wa malaman aji ɗaya abin da ke ciki. In ya yage, a liƙe shi da gam a ci gaba.