Hawan Tudu da Hawan Jini

Ranar da ma'aikaciyar jinya ta kwance na'urar awon jini daga damtsena, ta rubuta 164 bisa 102 a kati, haushi ne ya fara kama ni kafin tsoro. A farkon 2019 ne, a wani asibiti a Gusau, ina da shekara 46. Aka ce in dawo bayan mako guda, na dawo, awon bai sauka ba. Likita ya rubuta mini ƙwaya, ya ce in rage gishiri da dunƙulen ɗanɗanon miya, sannan ya ƙara da cewa, "Malam, ka samu minti 150 a kowane mako kana tafiyar da za ta ɗan ɗaga maka numfashi." Na ce to, amma a zuci dariya nake. Ni ɗan Bilbis za a koya wa tafiya?

Mu da muka tashi a ƙasar Tsafe ba mu san wani abu wai shi motsa jiki ba, aike muka sani. Da hantsi Inna za ta ɗora mini ƙwaryar fura in kai wa Baba gona. Hanyar takan fita ta burtali, ta hau kan wani fa mai zafi da ke ƙona tafin ƙafa, ta gangara rafi, ta sake hawa. A dawowa, da yake ba kaya a kai, da gudu nake yin ta, ina tsere da 'yan uwana. Abin da na ƙi lissafawa a gaban likita shi ne shekara ashirin da na yi tsakanin kujerar ofis da sirdin babur.

Duk wanda ya bi titin Funtuwa zuwa Gusau ya san ƙasarmu ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Duwatsu ne a warwatse, kuma tsofaffin garuruwa a jikinsu suka kafu, domin a zamanin yaƙe-yaƙe dutse ganuwa ne. Bayan Tsafe akwai 'Yandoto, tsohon garin malamai da ya faɗa hannun Muhammadu Bello wajen 1806, garin da labarin baka ya ce daga nan Korau, ɗan kokawar da ya zama Sarkin Katsina, ya fito. Gaba kuma, a ƙasar Bunguɗu, ga dutsen Kwatarkwashi, wanda matafiyi ke hango shi tun daga nesa. Mutumin da ya zauna a irin waɗannan wurare, ruwa ma sai ya sauka ya ɗebo ya hau da shi. Daga baya na karanta cewa a tsibirin Sardiniya na ƙasar Italiya akwai ƙauyukan kan tsauni da suka yi suna da yawan maza masu kai shekara ɗari, kuma cikin abubuwan da masu bincike suka danganta hakan da su har da kiwo da hawa da gangarar yau da kullum. Ban yi mamaki ba. Kakana bai taɓa ganin na'urar awon jini ba, amma har ya tsufa ba ya haki a hanyar gona.

Da wannan alfahari na je gida ƙaramar sallar shekarar. Tun a lokacin ba a nisa cikin daji, saboda haka na zaɓi tudun da ke kusa da gari. Bayan asuba na ɗaura takalmi na kama gudu kamar yaron da nake tunawa. Ban kai rabin hawan ba zuciyata ta riƙa dukan ƙirji, idona ya yi duhu-duhu, na zauna a kan dutse ina jan iska da baki. Da na farfaɗo, maimakon in koma a hankali, sai na sake gangarowa da gudu don kada a gan ni ina tafiya. Kwana biyu bayan nan cinyoyina suka yi tsami, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, a zaune na yi sallar azahar. Inna ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wa ya biyo ka ne?" Na ce likita ne ya ce in motsa jiki. Ta ce, "Cewa ya yi ka motsa shi, ko ka karya shi?"

Da na koma asibiti likitan ya warware mini abin da ya faru. A hawa, kowane taki ɗaga nauyin jiki ne gaba ɗaya, don haka zuciya ke ninka aikinta ko da mutum bai ƙara sauri ba. A gangara kuwa numfashi kan yi sauƙi, shi ya sa take yaudara: naman cinya ne ke taka birki yana miƙewa, gwiwa na ɗaukar dukan, kuma tsamin ba ya bayyana sosai sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Ya ce tudu yana da amfani ga mai hawan jini, domin yana sa tafiya ta yi aikin da sai sassarfa za ta yi a fili, amma da sharaɗi. A fara da mako uku ko huɗu a wuri mai laushi. A hau da gajeren taki. Ma'aunin kuwa baki ne: in kana iya magana da abokin tafiya amma ba ka iya rera waƙa, kana daidai, in magana ta gagara, ka wuce gona da iri. Ya kuma ja mini kunne cewa ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan an tsaya, ba abin da za a daure ba ne, asibiti ake zuwa. Ranar da awo ya kai 180 bisa 110 kuwa, ba fita sai an ga likita.

Na fara bin wannan tsari, da niyyar wata rana in koma in gama wancan hawan da ya kayar da ni. Niyyar ba ta cika ba. 'Yan bindiga suka mamaye dazukan da ke tsakaninmu da Katsina, hanyoyin ƙafar da muka yi tsere a kansu suka zama wuraren da manomi ma ke shiga da fargaba. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara, aka dakatar da kasuwannin mako, na yi makonni ban ji muryar Inna ba. Wannan zaman zullumi shi kansa ya ɗaga mini jini, kuma a lokacin ne na fi buƙatar tafiyar. Ina faɗin wannan ne saboda masu ba da shawarar lafiya sukan ce a fita a sha iska a bayan gari, kamar bayan gari ɗaya ne a ko'ina. A wurinmu, wanda ya bar gari da duhun asuba shi kaɗai don neman lafiya ya yi wauta.

Hanyata ta yanzu ba abin nuna wa baƙo ba ce. Wata 'yar gangara ce a bayan unguwarmu a Gusau, tsakanin masallaci da injin niƙa, hawanta bai wuce minti uku ba. Mu huɗu ne, duk mun haura arba'in, biyu daga cikinmu masu ciwon sukari. Muna fita bayan gari ya waye sarai, kwana biyar a mako, mu hau mu sauka sau biyar, hawa da kuzari, sauka a natse. Masu sukarin ba sa fita sai da dabino a aljihu, domin mai shan wasu magungunan ko mai allurar insulin sukarinsa na iya faɗuwa a hanya, kuma in sun dawo sukan duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, tunda ciwon kan kashe jin zafi har ƙaya ta shiga ba a sani ba. Da bazara mukan gama kafin rana ta ɗaga. In ƙurar hunturu ta yi kauri, mai asmar cikinmu yakan zauna gida.

Masana sun nuna cewa irin wannan tafiya in ta ɗore tana rage lambar sama ta awon mai hawan jini da kimanin 5 zuwa 8. Ragi ne mai amfani, amma bai kai a ajiye ƙwaya ba, ni ma ban ajiye tawa ba. Awona na watan jiya 134 bisa 84 ne.

Inna tana wurina yanzu, mun taso da ita daga Bilbis ba da son ranta ba. Ita ma an gano tana da sukari, kuma ba ta fita titi. Bayan la'asar takan zagaya tsakar gida daga bakin rijiya zuwa gindin darbejiya, tana ƙirga zagayen da carbinta, jikokinta na biye da ita. Shekaranjiya autana ya tambaye ta ko gaskiya ne Babansu ya taɓa hawa dutse da gudu. Ta ce gaskiya ne, amma ya tambaye ni yadda na yi sallar azahar bayan nan.