Wasiƙa daga Landan: Hayaƙi da Ciwon Dajin Huhu



Na daɗe ina mamakin yadda wanda bai taɓa shan taba ba yake kamuwa da ciwon dajin huhu. A nan Landan, Farfesa Charles Swanton da abokan aikinsa na Cibiyar Francis Crick sun yi bayani a mujallar Nature a 2023. Ashe da yawanmu, in shekaru suka ja, akwai 'yan ƙwayoyin halitta masu lahani kwance a huhunmu suna barci. Idan hayaƙi ya shiga, huhu sai ya kumbura, jiki ya saki wani furotin mai suna IL-1β domin kare kansa. To shi ne ke tashin masu barcin. Da aka toshe shi a jikin ɓeraye, ciwon ya ragu.

Da na karanta, gida na tuna. Don Allah Yaya, a matsar da janareta nesa da taga. Inna kuma, a riƙa hura itace a tsakar gida, kada a zauna bakin murhu da goyo.

A gaida kowa da kowa. Sai wata wasiƙar.